Yadda Za Ka Gano Dalilin Ƙarar Birki Bayan Ka Canza Fad Da Kanka

Canza fad ɗin birki, wato abin da ke matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya (dis) don mota ta tsaya, aiki ne da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa, muddin yana da jak, da sifanu, da haƙuri. Tashin hankalin yakan zo ne bayan an gama: ka ɗaura taya, ka wanke hannu, ka hau titi, kana taka birki sai ƙara ta tashi, har masu babur suna waiwayowa. Nan take mutane da yawa sukan ce an sayar musu da jabun fad. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma mafi yawan lokuta laifin yana wurin da fad ɗin ya zauna: tsatsar da ba a kankare ba, fin da ya bushe, ƙarfen da ya lanƙwashe lokacin aiki, ko noti da bai ɗauru ba. Saboda haka kada ka yi saurin komawa kasuwa, kuma kada ka yi saurin kwance komai. Kunne ne zai fara aiki, sifana ta biyo baya.

Da farko, shin motar ta cancanci hawa titi?

Tun kafin ka tayar da mota, taka birki sau da yawa har ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafarka. Lokacin da ka tura fistin ɗin kalifa (ƙarfen da ke rungume da fad yana matse shi a jikin dis) ciki don sabon fad ya shiga, ka bar tazara tsakanin fad da dis, kuma takun farko na iya tafiya har ƙasa ba tare da ya kama komai ba. Mutane sun sha dukan ƙofar gida ko katangar maƙwabci saboda wannan kaɗai.

Akwai alamomin da idan ka ga ɗaya daga cikinsu, zancen gwaji a titi bai taso ba. Birki yana nutsewa a hankali alhali kana danne da shi. Mota tana fizgewa gefe guda idan ka taka. Kana jin gurzar ƙarfe da ƙarfe mai kauri. Kana jin warin ƙuna daga taya ɗaya. Ka ga man birki ya jiƙa cikin rim ko ya ɗiga a ƙasa. Ko kuma ka ji wani abu ya buga da ƙarfi duk lokacin da ka taka. Ajiye motar, ka tsallake kai tsaye zuwa ɗaga ta. Ƙarar da za a iya bi a sannu ita ce siririya, wadda birki ke kamawa daidai duk da ita.

Saurara, ka gane lokacin da take zuwa

Nemi layin da babu cunkoso, zai fi kyau mai doguwar katanga a gefe, domin katanga tana dawo maka da sauti. Sauke gilasai, kashe rediyo da fanka. Idan da wanda zai tsaya a waje ya saurara yayin da kake wucewa a hankali, ya fi, don daga kujerar direba da wuya ka bambance ƙarar gaba da ta baya.

Abin da kake son sani shi ne yaushe take fitowa. Idan siririyar ƙara ce mai kama da fito, tana zuwa idan ka taka birki kaɗan kana dab da tsayawa, ta ɓace idan ka danna sosai, to fad ne ke karkarwa a jikin dis. Wannan ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi sauƙin magani. Idan kuwa ƙarar tana nan ko ba ka taka birki ba, tana "shii-shii" tana bin juyawar taya, wani abu ne ke gogar dis. Idan "ƙwas" ce sau ɗaya, lokacin da ka taka birki bayan ka ja baya, sannan ta sake idan ka yi gaba, fad ne ke motsi a mazauninsa, ko wani bol bai ɗauru ba. Idan sitiyari ne ke rawa ko birkin yana bugun tafin ƙafarka a gudu, zancen dis ne da yadda ya zauna. Idan kuma da safe ne kawai, musamman da damina ko bayan an wanke mota, ta ɓace bayan taku uku ko huɗu, 'yar tsatsar dare ce a fuskar dis, babu abin gyarawa.

Riƙe amsar a ranka, ita ce za ta nuna maka inda za ka fara dubawa.

Sa fad ya saba da dis

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi kaɗai yakan kashe ƙarar fito ba tare da an taɓa sifana ba. Sabon fad fuskarsa a miƙe take, tsohon dis kuwa yana da nasa layuka, don haka a farko ba ko'ina suke haɗuwa ba. Ban da haka, birki yana aiki yadda ya kamata ne idan fad ya shafa wani siririn ɓawo na jikinsa a fuskar dis, daidai wa daida, kuma zafi ne ke yin wannan.

A titi miƙaƙƙe da babu kowa a bayanka, kai gudun kilomita 60 a awa, ka taka birki da matsakaicin ƙarfi har ka sauko wajen kilomita 10, sannan ka saki ka sake ɗaukar gudu. Kada ka tsaya cak. Maimaita sau 8 zuwa 10. Za ka iya jin ɗan wari, wannan ba komai ba ne. Daga nan ka yi tafiyar minti biyar zuwa goma kana kauce wa birki gwargwadon iko, don ya huce. Abin da za ka kiyaye ƙwarai shi ne tsayawa da ƙafa danne a kan birki alhali dis yana da zafi, domin fad yakan bar tambarinsa a wuri ɗaya, daga baya ka riƙa jin bugu. Idan kwalin fad ɗin ya zo da nasa bayanin, bi nasa. A kilomita 200 zuwa 300 na farko, ka rage taka birkin gaggawa sai dole.

Da ka tsaya, zagaya motar, ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim. Kusa na ce, kada ka taɓa dis, zai ɗauke maka fata. Tayoyin gaba biyu ya kamata zafinsu ya yi kusan ɗaya, haka na baya biyu. Idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi nesa ba kusa ba, birkin wannan tayar ba ya saki, kuma ka samu inda za ka fara.

Ɗaga motar

A ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya. Sa weji a tayar da ke ƙasa, sassauta notuna kafin ka ɗaga, kuma ka tokare motar da ƙafar ƙarfe. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a amince masa da rai. Bulon siminti ma yana fashewa ba tare da sanarwa ba. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu.

Kafin ka cire tayar, juya ta da hannu. Ɗan sautin gogar fad kaɗan ba laifi ba ne. Amma idan ta ƙi juyawa sai da ƙarfi, ko tana kamawa a wuri ɗaya tana saki, akwai magana. Sannan kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Idan tana motsi alhali notuna a ɗaure suke, boris ne ko wani abu na ƙafar mota, ba birki ba.

Bayan ka cire taya, fara da abu mafi sauƙi. A bayan dis akwai wani siririn farantin ƙarfe da ke kare shi daga ƙasa da ruwa. Ba shi da ƙarfi ko kaɗan, gwiwar hannu ko kan sifana na iya tura shi ya taɓa dis. Mayar da noti biyu don dis ya zauna daram, ka juya shi kana leƙawa da tocila. Inda farantin ke gogawa za ka ga ya yi ƙyalli. Tura shi baya da sukundireba, shi ke nan. Duba kuma ko tsakuwa ta maƙale tsakaninsu, abin da ke yawan faruwa ga masu bin hanyar burji. Tsakuwa ƙwaya ɗaya tana yin ƙarar da za ka rantse motar ta lalace.

Buɗe kalifa

Kwance bol ɗin, ka ɗaga kalifa, ka rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada ka bar ta tana lilo a kan tiyon man birki. Idan akwai ƙura, kada ka hura ta da baki ko da iska, domin wasu fad masu araha har yanzu suna iya ɗauke da asbestos, mai illa ga huhu. Fesa maganin wanke birki, ko ka goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Dubi fad ɗin da kyau. Fuskar da ke cin birki ce ke kallon dis? Tambayar kamar ba ta da amfani, amma ana juya shi, musamman na ciki da ba a gani sosai, kuma idan aka yi aikin da magariba. A motoci da yawa na ciki da na waje ba iri ɗaya ba ne. Wasu suna da kibiya da ke nuna inda taya ke juyawa, wasu an rubuta musu L na hagu da R na dama. Akwai kuma ɗan harshen ƙarfe a gefen fad, wanda aikinsa shi ne ya taɓa dis ya yi ƙara idan naman fad ya rage kamar milimita 2 zuwa 3. Idan ya lanƙwashe wajen sawa, ko an sa fad ɗin a gefen da ba nasa ba, zai fara kukansa tun ranar farko. Kwatanta da yadda tsohon ya zauna. Wannan ne amfanin ɗaukar hoto da waya kafin a kwance, da kuma barin gefe ɗaya a haɗe har a gama ɗayan.

Sai shim, wato siririn ƙarfen da ke manne a bayan fad. Shi ne ke shanye karkarwar da ke zama fito. Wasu fad suna zuwa da nasu, wasu kuwa, kamar na Toyota da yawa, shim ɗin daban yake, ana ciro shi daga tsohon fad a mayar wa sabo. Mutane sukan jefar da shi tare da tsohon. Idan naka yana cikin shara, je ka tono shi.

Yanzu ga inda na fi so ka ɓata lokaci. Fad yana zaune ne da kunnuwansa biyu a cikin wasu ƙananan kilif na ƙarfe da ke jikin birakit, wato ƙarfen da ke riƙe da kalifa. Ya kamata ka iya tura shi gaba da baya da yatsu, ba tare da ya yi sako-sako ba. Idan sai da ka buga shi da guduma ya shiga, to ba zai saki dis ba bayan ka ɗaga ƙafa, kuma ga zafi, ga ƙara, ga cin mai. Dalilin yawanci tsatsa ce da ta taru a ƙarƙashin kilif ta ɗaga shi sama. Cire kilif ɗin, ka kankare mazauninsa da buroshin waya ko fayil har farin ƙarfe ya fito, ka mayar. Idan sababbin kilif sun zo a kwali, sa su. Idan har yanzu da tauri, fentin da ke kunnen fad ne ya yi kauri, goge fentin kaɗai da samfefa. Kada ka ci ƙarfen da giranda, domin idan ya yi sako-sako ka sayi ƙarar "ƙwas" da kuɗinka. Duba kuma kada harshen wani kilif ya karkata yana taɓa dis.

Daga nan zaro fin biyu da kalifa ke zamewa a kansu. Ya kamata su shiga su fita sumul. Wanda ya bushe ko ya yi tsatsa yana sa fad ɗaya ya ci fiye da ɗaya, kuma tsohon fad ɗinka zai ba da shaida: idan na ciki ya cinye na waje yana da nama, ko ya ci a karkace, fin ne. Goge su tas, ka duba robar da ke rufe su ko ta yage. A wasu motoci fin ɗaya yana da 'yar roba a bakinsa, kuma kowanne da raminsa, kada ka musanya.

Maganar giris

A nan ake yawan ɓarna. Giris ɗin boris na yau da kullum, da baƙin mai, duk daga man fetur aka samo su, kuma suna kumbura robar birki. Yau fin zai yi santsi, bayan 'yan makonni robar ta kumbura ta riƙe shi gam. Fin yana son giris na silikon, ko wanda aka rubuta a jikinsa cewa na kalifa ne. A kunnuwan fad da bayansa, inda fistin da yatsun kalifa ke dannawa, shafa giris ɗin birki kaɗan, kamar yadda ake shafa man leɓe. Da rani idan ka cika shi, ƙurar hunturu za ta manne ta zama laka mai tauri.

Fuskar fad da fuskar dis kuwa, babu abin da ke taɓa su. Ba giris, ba baƙin mai, ba WD-40. Za ka ji wani ya ce a ɗan fesa mai ƙarar ta mutu. Ƙarar za ta mutu, birkin ma haka. Idan mai ya taɓa dis, wanke shi da maganin wanke birki. Idan ya jiƙa fad, fad ɗin ya tashi daga aiki, domin yana tsotse mai, kuma zafi zai riƙa fito da shi. Sayi wani.

Dis da mazauninsa

Idan tsohon dis ka bari, ja farcenka daga tsakiya zuwa baki. A bakin za ka ji tudu, inda tsohon fad bai kai ba. Sabon fad yakan hau wannan tudun ya riƙa gurza. Idan tudun ƙarami ne, ana iya rage shi da fayil. Idan babba ne, alama ce dis ɗin ya ci sosai. A jikin kowane dis an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, za ka ga MIN TH da lamba a milimita. Auna inda fad ke ci, ba a kan tudun ba. Idan ya kai lambar ko ya gaza, a canza, kuma a canza hagu da dama tare. Haka idan yana da zurfafan layuka, ko tabo shuɗi na ƙuna, ko tsaga. Masu injin sassaƙa ƙarfe suna iya share fuskarsa, amma sai idan bayan sharewar kaurin zai tsaya sama da lambar.

Idan sabon dis ka sa, ka wanke man da aka shafa masa don hana tsatsa? Idan ba ka wanke ba, ya riga ya shiga fad. Sannan fuskar hob, inda dis ke kwanciya, dole ta zama tas. Karkacewar da masu ƙera motoci da yawa suka yarda da ita ba ta wuce kamar milimita 0.05 ba, wato ƙasa da kaurin takarda. Ɓawon tsatsa ɗaya ya isa ya wuce wannan. Ba za ka ji komai a makon farko ba, sai bayan tafiya ta yi nisa sitiyari ya fara rawa, a ce dis ya lanƙwashe, alhali zama ne bai yi daidai ba.

Fad ɗin da ya yi ƙyalli kamar gilashi saboda zafi, shimfiɗa samfefa a kan abu miƙaƙƙe ka goga fuskarsa kaɗan har ƙyallin ya tafi, sannan ka sake yi masa sabo da dis.

Idan na baya ka taɓa

A motoci irin su Golf da Honda Accord da yawa, birkin hannu yana cikin kalifar baya. Fistin ɗinsu ba a tura shi kai tsaye, murɗa shi ake yi yana shiga. A fuskarsa akwai tsagi, a bayan fad kuma wasu suna da ɗan ƙullutu da ya kamata ya faɗa cikin tsagin. Idan ba su haɗu ba, fad zai zauna a karkace, ya yi ƙara, ya yi zafi. Motar da birkin hannunta na maɓalli ne, sai an sa ta a yanayin gyara, yawanci da na'ura, kafin a taɓa fistin. Motar da birkinta na baya na diram ne kuma, ba na dis ba, duba ko kowane sifirin ya koma raminsa, kuma lainin, wato abin da ke cin birki a cikin diram, bai matse diram ba.

Mayarwa

Duba tiyon mai kada ya murɗe. Idan ka cire kalifa biyu gaba ɗaya, ka tabbata bakin fitar da iska yana sama a kowacce, in ba haka ba ka musanya hagu da dama, kuma iska ba za ta taɓa fita ba. Bol ɗin birki ba a ɗaure shi da ƙiyasi. A Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2013, misali, bol ɗin fin na gaba yana wajen Nm 34 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), na birakit wajen 107, notin taya 103. Na Accord 108 ne a taya, na Golf 120. Nemi na motarka a littafinta, kuma in da hali ka ari sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Ɗaure notunan taya a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, ba bi da bi ba, kuma kada a hau kan sifana da ƙafa. Leƙa tulun man birki: tura fistin yana ɗaga man sama, wani lokaci har ya zube. Idan za ka ƙara, sa irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da ba a daɗe da buɗewa ba, domin man birki yana shan danshin iska. Taka birki har ya yi tauri, sannan ka fita. Bayan kamar kilomita 50, sake bin notunan taya.

Idan duk ka yi wannan ƙarar tana nan

Yanzu ne za a tuhumi fad. Masu yawan ƙarfe a cikinsu sun fi ƙara ko da na kirki ne, na siramik sun fi shiru. Na jabu kuwa, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka saya ko a Panteka ta Kaduna, sau da yawa za ka gane shi a hannu: babu shim, gefunan ba a sassaƙe su ba, fenti ya yi kauri, wani har da gutsattsarin ƙarfe manya a fuskarsa da ke zana dis. Tafi da tsohon fad ɗinka ka ɗora a kan sabon, kunne da kunne. Kwali mai alamar ECE R90 yana nufin an gwada shi bisa ƙa'idar Turai, ko da yake masu jabu ma suna buga kwali, don haka mai shagon da ka sani ya fi kwalin muhimmanci.

Kada kuma ka ɗora wa birki laifin da ba nasa ba. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, yana canzawa idan ka karya kwana, boris ne. "Ƙwas-ƙwas-ƙwas" idan ka karya sitiyari sosai kana tafiya a hankali, shaf ne, wato sandar da ke juya taya. Ɗan ƙugi sau ɗaya jim kaɗan bayan ka tashi mota, a motoci da yawa ABS ne, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, ke gwada kansa, haka bugun ƙafa idan ka taka da ƙarfi a kan yashi. Amma idan fitilar ABS ta kama bayan aikinka, duba wayar sensa da ke bayan hob, wataƙila ka fizge ta.

Fistin da ya ƙi komawa, robar fistin da ta yage, yoyon mai, taya da ke ci gaba da zafi bayan ka gyara fin da kilif, ko birkin da ya ƙi yin tauri, waɗannan na bakanike ne, kuma idan birkin ba ya kamawa sosai, kira shi ya zo gida maimakon ka tuƙa zuwa gareji. Idan ya zo, gaya masa komai yadda yake: "Malam, ni na canza fad na gaba, ban taɓa dis ba, ga irin giris ɗin da na sa, ƙarar tana zuwa ne daga dama idan na taka kaɗan, kuma wannan rim ɗin ya fi zafi." Ka miƙa masa tsofaffin fad ɗin ya duba yadda suka ci.